Wai mene ne sirrin lambar nan 2147483647?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana ku taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai tun shekaranjiya. Ina ND2 ne a ɓangaren kwamfuta, an bamu aikin mu haɗa ɗan shafin rijistar ɗalibai da PHP da MySQL, komai na tafiya lafiya lau suna yana shiga adireshi yana shiga, amma da na buɗe teburin in duba lambobin waya sai naga kowa lambarsa ɗaya wato 2147483647. Na saka tawa mai farawa da 0803 ta koma 2147483647, na saka ta abokina mai 0706 itama haka, har na ƙirƙiri wata da ka mai 0909 duk dai ita ce ta sake fitowa, amma abin mamaki in na saka gajeruwar lamba kamar 12345 sai ta shiga daidai ba wata gardama.

Kuma ba yau na fara ganinta ba, masu yiwa gem kutse a waya in sun cika kuɗi a nan yake tsayawa, biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da ɗoriya. To ni tambayata biyu ce, na farko ya zan gyara aikina dan ranar Litinin zamu miƙa, na biyu kuma wadda tafi damuna, meye na musamman a lambar nan? me yasa ba biliyan biyu cif ba ko 9999999999, sai wannan mai kama da an watsa lambobi barkatai. Nagode Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Sabongari:

Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka duk wanda ya taɓa databes sai da lambar nan ta gaishe shi. Na tabbata INT ka saka a gurbin lambar waya. INT a MySQL bit 32 ne, ma'ana gurabe 32 kowanne ko 0 ko 1, to ɗaya daga ciki yana tafiya ne wajen nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa, saura 31 kenan. In ka cika guraben nan 31 gaba ɗaya da 1 abin da zaka samu shine 2 sau 2 sau 2 har guda 31 a cire ɗaya, 2,147,483,648 a cire 1, kaga 2,147,483,647 kenan. Mu ne muke ganinta barkatai saboda da goma-goma muke ƙirga, a wajen kwamfuta 1 ne guda 31 a jere ba ko sifili ɗaya a ciki, kamar yadda 99999 take a mitar babur, daga nan ba sauran gurbi.

Lambar wayarmu ta Najeriya in ka cire sifilin farko alƙaluma goma ne kuma da 7 ko 8 ko 9 take farawa, wato biliyan bakwai zuwa sama, ta ninka abin da INT zai iya ɗauka sau uku da wani abu. MySQL ɗinka kuma ba a tsaurara saitinsa ba shi yasa bai yi maka ihu ba, kawai sai ya datse ta ya ajiye mafi girman abin da zai iya. Da an tsaurara da tun farko zai ƙi karɓa. Kar ma kace bari ka mayar da shi UNSIGNED, wannan a 4,294,967,295 yake tsayawa, bai kai ba. BIGINT zai ɗauka amma zai cinye maka sifilin farko, ka saka VARCHAR(15) kawai, lambar waya ai ba lissafi ake da ita ba, ba wanda zai tara lambarka da ta abokinka. Haka NIN da BVN masu alƙaluma 11 da lambar akawun mai 10, duk a matsayin rubutu ake ajiye su. Waɗanda ka riga ka shigar kuma sun tafi sai ka sake shigarwa.

Wani wajen da take cizon mutane shine kuɗi. Da yawa a kobo suke ajiye kuɗi dan gudun matsalar ɗigo, to kobo 2,147,483,647 naira miliyan 21 ne da dubu 474 da 836 da kobo 47, a wannan zamanin kuɗin mota ɗaya ne, in ka rubutawa ɗan kasuwa manhaja da INT ranar da cinikinsa ya haura nan zaka sha kira. Kuma ba ko'ina ake datsewa ba, a Java in ka ƙara 1 a kanta juyawa take ta koma −2,147,483,648, mai kuɗi ya wayi gari da bashi.

Manya ma ta kama su. A Disambar 2014 YouTube suka sanar sun mayar da ma'aunin masu kallo bit 64 saboda wata waƙar Koriya da ta haura wannan adadin, sabuwar iyakar ita ce 9,223,372,036,854,775,807. Ranar 1 ga Janairun 2022 sabobin imel na Microsoft Exchange suka riƙe saƙonni a wurare da yawa saboda an rubuta kwanan wata a matsayin lamba 2201010001, wadda ta ɗara tamu. Akwai kuma wadda ake jira, tsofaffin na'urori masu tsarin Unix suna ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairun 1970, daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki, zata cika ranar 19 ga Janairun 2038 ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 agogon GMT, ƙarfe huɗu da kwata saura kaɗan kenan na asuba a nan, duk wadda ba a gyara ba zata ɗauka an koma Disambar 1901.

DanMaradi227:

Ina gaida ku daga Maradi. Mu nan wagga matsala ba ta cika kama mu ba dan lambobinmu alƙaluma takwas ne, ko ta kai ƙarshe ba ta wuce 99,999,999, tana shiga INT da sauran wuri. Sai ranar da mutum ya ce bari ya haɗa da 227 a gaba, nan take ta koma biliyan 22 da wani abu shi ma ya ga abin da ɗan uwa ya gani. Injiniya ka yi bayani Allah shi biya.

Sabon_Shiga:

Yaya Injiniya Allah ya ƙara basira, VARCHAR ɗin ya yi aiki. Amma na ɗan bincika naga ana cewa wai lambar firam ce, babu abin da yake raba ta. To shi yasa masu ƙera kwamfuta suka zaɓe ta? kuma ta yaya mutum zai iya rantsuwa cewa a cikin lambobi sama da biliyan biyu babu ko ɗaya da ta raba ta, ai ko shekara nawa zaka yi baka gama gwadawa ba.

Malama_Lissafi:

Ɗana tambayarka ta biyun nan ita ce mai daɗin, bari in ɗan zauna a kanta tunda yau ba makaranta.

Da farko a'a, ba dan firam ce aka zaɓe ta ba. Masu kwamfuta bit 32 suka zaɓa, ita kuma lambar ta faɗo a haka, dacewa ce kawai. Hujja kuwa duba 'yan uwanta, iyakar bit 16 ita ce 32,767 kuma 7 × 31 × 151 ce, iyakar bit 64 ɗin da Injiniya ya kawo ita ma 7 tana raba ta. Ta bit 8 wato 127 firam ce, ta bit 32 firam ce, sauran biyun ba firam ba ne. An san lambar nan da daraja tun kusan shekara 170 kafin a ƙera kwamfutar farko.

Firam dai ita ce lambar da ta wuce 1 wadda babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, 2, 3, 5, 7, 11, 13 haka. Fara gwada tamu da dabarun firamare. Ƙarshenta 7 ne, to 2 da 5 sun fita. Tara alƙalumanta 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7 zaka samu 46, 3 bata raba 46, saura 1 ake samu, to 3 ta fita. Raba ta da 7 saura 1, da 11 saura 1, da 31 ma saura 1. Wannan saura 1 da yake ta maimaituwa ba banza ba, maƙwabciyarta ta ƙasa ce wato 2,147,483,646 ta kwashe su duka, ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Ta sama kuma 2,147,483,648 babu komai a cikinta sai 2 guda 31. Tamu tana tsakiyarsu ba abin da ya taɓa ta.

Yanzu maganar gwada biliyan biyu. Ba sai ka gwada su ba. In lamba ta rabu gida biyu, a × b, dole ɗaya daga cikinsu ya zama ƙarami, ba zai yiwu duka biyun su wuce lambar da in ka ninka ta da kanta zata baka asalin ba. 46,340 × 46,340 shine 2,147,395,600, bai kai ba, 46,341 × 46,341 shine 2,147,488,281, ya wuce. To in har akwai mai raba ta akwai wanda bai wuce 46,340 ba. Daga biliyan biyu mun sauko dubu arba'in da shida. Cikinsu ma firam kawai zaka gwada, dan in 3 bata raba ba 6 da 9 da 12 basu da ta cewa, firam ɗin da ke ƙasa da nan kuwa basu kai dubu biyar ba. Wayarka zata gama wannan kafin ka ƙifta ido, amma mai alƙalami da takarda rabawa kusan dubu biyar ta lamba mai alƙaluma goma ba wasa ba ce.

A nan Leonhard Euler ya shigo, ɗan Basel ta Suwizalan da ya yi yawancin aikinsa a Rasha da Jamus. A 1772 ya rubutawa Daniel Bernoulli wasiƙa cewa ya tabbatar lambar nan firam ce, kuma a lokacin idonsa ya riga ya tafi kusan gaba ɗaya, faɗa yake ana rubuta masa. Dabarar da ya bi tana da hawa biyu. Hawa na farko tun daga Fermat aka san shi, in ka ninka 2 sau p ka cire ɗaya, p ɗin kuma firam ce da ta wuce 2, to duk firam ɗin da zata raba sakamakon dole ta kasance ninkin 2p da ƙarin ɗaya. Gwada da 11 ka gani, 2 guda 11 a cire ɗaya 2047 ne, kuma 2047 = 23 × 89, to 23 ai 22 ne da ɗaya, 89 kuma 22 sau huɗu ne da ɗaya. A tamu p = 31, kenan duk mai raba ta sai ya zama ninkin 62 da ɗaya, 63, 125, 187, 249, 311 haka. Kaga 13 da 17 da 19 da 23 duk ba sai ka ɓata tawada a kansu ba. Hawa na biyu shine wanda Euler ya ƙara, mai rabawar in an raba shi da 8 dole saura ya zama 1 ko 7. Wannan ya sake zubar da rabi, 125 saura 5 ya fita, 187 saura 3 ya fita. In ka haɗa sharuɗɗan biyu abin da ya rage shine lambobi masu siffar 248n + 1 ko 248n + 63, kuma ƙasa da 46,340 basu kai 400 ba, cikinsu ma da yawa ba firam ba ne, 63 ai 7 × 9 ne, 249 kuma 3 × 83. Firam ta farko da ta cancanci a gwada ita ce 311, na gwada maka, 311 × 6,905,092 = 2,147,483,612, saura 35, bata raba ba. Haka zaka bi sauran ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, aikin 'yan kwanaki ne ga mai haƙuri.

Abin da nake so ɗalibaina su kama a nan shine tunanin da aka yi kafin a fara rabawar, shi ya mayar da biliyan biyu ƙasa da 400, rabawar kanta ko ɗan JSS zai iya.

Irin waɗannan lambobin, 2 a ninka sau p a cire ɗaya, ana kiransu lambobin Mersenne, sunan wani limamin kirista ne na Faransa, Marin Mersenne. In p ba firam ba ce to ba ma sai an duba ba lambar zata rabu, shi yasa 32,767 ta rabu dan 15 = 3 × 5, ta bit 64 ma haka dan 63 ne. Amma p ta zama firam bai wadatar ba, ga 11 nan mun gani, 23 ma ta faɗi dan 8,388,607 = 47 × 178,481, 29 ma ta faɗi dan 536,870,911 = 233 × 1,103 × 2,089. Waɗanda suka tsira a jere sune 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, sai 31, tamu ce ta takwas. Pietro Cataldi na Italiya shi ya tabbatar da 17 da 19 a 1588, wato 131,071 da 524,287, daga nan aka yi shekara 184 ba a ƙara ko ɗaya ba sai da Euler ya zo. Wani abin ban sha'awa kuma 31 ɗin kanta lambar Mersenne ce, 32 a cire ɗaya, kuma 5 ɗin da ta haife ta firam ce, to tamu Mersenne ce a kan Mersenne, irinsu guda huɗu kacal aka sani, 7 da 127 da tamu da wata mai alƙaluma 39.

Ga wata hanyar ganinta da yara suke so. A wata mai kwana 31 a baka naira 1 ranar farko, naira 2 rana ta biyu, 4 ta uku, kullum ana ninkawa. Ranar 10 ga wata naira 512 kawai zaka karɓa har ka fara raina abin, ranar 31 kuwa 1,073,741,824 ne, in ka tara na watan gaba ɗaya naira 2,147,483,647 cif.

Baban_Ummi:

Malama Allah ya ƙara lafiya, na karanta har ƙarshe duk da kaina ya ɗau zafi. Amma ni fa tsakani da Allah tambayata ita ce wannan me zai ƙarawa mutum? bawan Allah ba ido ya zauna yana raba lamba da 311, an gano firam ce, to sai aka yi yaya. Na Injiniya dai na gane amfaninsa tunda ya gyarawa yaro aiki.

Injiniya_Sabongari:

Baban Ummi ai kuwa firam ɗin nata ma mun ci moriyarsa. Kwamfuta bata iya zaɓen lamba haka kawai da ka, duk abin da kaga kamar ƙuri'a ne a gem ko a manhaja lissafi ne a ƙasa. Wata tsohuwar hanya da Park da Miller suka tallata a 1988 ita ce ka ɗau lamba ka ninka da 16807 ka raba da 2,147,483,647 ka riƙe sauran, sauran nan shine sabuwar lambarka, ka sake ninkawa ka sake rabawa haka dai. Saboda mai rabawar firam ce lissafin ba zai taɓa faɗawa sifili ya mutu ba, kuma da 16807 ɗin sai ya zaga duk lambobi daga 1 har 2,147,483,646 kafin ya maimaita ko ɗaya. Har yau tana cikin C++ da suna minstd_rand0. Ga kuma sauƙi, rabawa da lambar da take 1 zalla a bainari, wato ƙirgar kwamfuta ta 0 da 1, baya buƙatar rabawa ta gaske, yanka lambar ake gida biyu a tara. To dacewar da Malama ta faɗa, cewa firam ce kuma ta cika bit 31 daidai, masu rubuta manhaja basu bar ta ta tafi a banza ba. Euler dai bai san da wannan ba lokacin da yake yi, wannan kam gaskiya ne.

Malama_Lissafi:

Baban Ummi ka samu abokin ra'ayi tun 1811, wani Bature masanin lissafi Peter Barlow ya rubuta a littafinsa cewa da wuya wani ya ƙara wahalar da kansa neman wadda ta wuce nan tunda abin sha'awa ne kawai ba amfani. Ba akan tamu kai tsaye yake magana ba, akan 'yarta ce, bari in kawo ta dan ita ce dalilin da yasa mutane suka damu da lambobin nan tun farko.

Akwai abin da ake kira cikakkiyar lamba, wadda in ka tara duk masu raba ta banda ita kanta sai su baka ita daidai. 6 = 1 + 2 + 3. 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sai 496 sai 8,128, waɗannan huɗun tun Girkawan da aka san su. Euclid ya nuna tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa duk sanda ka tara 1 + 2 + 4 + 8 kana ninkawa jimlar ta faɗo firam, ninka jimlar da lambar ƙarshe zaka samu cikakkiya. 1 + 2 + 4 = 7, 7 × 4 = 28. 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31, 31 × 16 = 496. Malaman musulunci ma sun yi aiki a kai, Ibnul Haisam ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk cikakkiyar da 2 ke rabawa ta wannan hanyar take zuwa, Ibn Fallus kuma a ƙarni na 13 ya kawo jeri da ya haɗa da 33,550,336 da 8,589,869,056 da 137,438,691,328, duk da akwai waɗanda ba daidai ba a jerin nasa. Euler ne ya kammala hujjar da Ibnul Haisam ya faro. To ɗauki lissafin watan nan namu, jimla 2,147,483,647, na ranar ƙarshe 1,073,741,824, ninka su zaka samu 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba ta takwas kenan, alƙaluma 19. Duba tsallen, ta bakwai alƙaluma 12 ce. Har yau kuma ba wanda ya san ko akwai cikakkiyar lamba da 2 bata rabawa, ba a samu ba, ba a kuma iya nuna babu ba, tambaya ce da ta haura shekara dubu biyu.

Barlow dai bai canka ba. Shi Mersenne a 1644 ya lissafa cewa bayan 31 sai 67 da 127 da 257, ya dace a 127, ya kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Édouard Lucas ya tabbatar da ta 127 a 1876 da hannu, ita ce mai alƙaluma 39 ɗin da na ambata. Ta 67 kuma a 1903 Frank Cole ya tashi a taron masana lissafi a New York ya rubuta a allo cewa 193,707,721 × 761,838,257,287 ce, ana ba da labarin ko kalma bai furta ba ya koma ya zauna.

Lucas ba rabawa ya yi ta yi ba, a wannan girman ko dabarar Euler bata isa. Wata hanya ya ƙirƙiro wadda Derrick Lehmer ya gyara a 1930, kuma sauƙinta har ya yi yawa. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, raba da lambar Mersenne ɗin ka riƙe saura. Maimaita sau p a cire 2. In ka ƙare a sifili firam ce, in ba haka ba ba firam ba ce. Gwada 31, p = 5, sau uku kenan. 4 × 4 − 2 = 14. 14 × 14 − 2 = 194, a raba da 31 saura 8. 8 × 8 − 2 = 62, a raba da 31 saura 0. Shikenan. Gwada 2047 kuma sau tara, 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736, bata ƙare a sifili ba, ta faɗi, kuma lura bata gaya maka 23 da 89 ba, tace maka dai akwai mai rabawa. Tamu da Euler ya sha wahala a kanta zagaye 29 ne kawai ta wannan hanyar.

Shi yasa kusan kullum firam mafi girma da aka sani ta gidan Mersenne ce. A 1952 Raphael Robinson ya saka gwajin a kwamfutar SWAC ya samo biyar a shekara ɗaya, p ɗinsu 521 da 607 da 1279 da 2203 da 2281. Tun 1996 kuma akwai GIMPS da George Woltman ya kafa, kowa zai iya sauke manhajar ya bar kwamfutarsa tana nema. A Oktoban 2024 Luke Durant, tsohon ma'aikacin NVIDIA, ya samo ta 52, p = 136,279,841, alƙalumanta 41,024,320. In kana rubuta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa ba barci ba cin abinci sai ka haura shekara ɗaya da wata uku. Su ma ba a san ko suna ƙarewa ko basa ƙarewa ba.

Wata siffar da na manta ɗazu, tunda in ka raba tamu da 8 saura 7 ne, ba zaka taɓa rubuta ta a matsayin jimlar sukwaya biyu ba, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, kamar yadda 13 take 4 + 9, ko uku ma bazai yiwu ba, sai huɗu, huɗu kuwa Lagrange ya nuna a 1770 cewa sun ishi kowace lamba.

Sabon_Shiga:

Mama na gwada da 127, p = 7 sau biyar kenan, na samu 14, 67, 42, 111, sai 111 × 111 − 2 = 12,319 na raba da 127 ya bani 97 cif ba saura, wlh har tsigar jikina ta tashi. Yanzu ina so in yi na zagaye 29 ɗin da kaina, Excel zai iya?

Injiniya_Sabongari:

Kar ka soma da Excel, alƙaluma 15 kawai yake riƙewa daidai sauran sai ya mayar da su sifili ba tare da ya gaya maka ba, kai kuma ninkin da zaka riƙa samu zai kai alƙaluma 19, zai baka amsar ƙarya ka zo kana cewa Euler ya yi kuskure. Buɗe Python, shi lambobinsa basu da iyaka sai inda memori ya ƙare, layi huɗu ne, s = 4, m = 2**31 - 1, sai ka zagaya sau 29 kana s = (s*s - 2) % m, ka buga s a ƙarshe. In ta baka 0 canza 31 zuwa 61 da 67 da 89, kana canza yawan zagayen shi ma zuwa p a cire 2, ka ga wacce zata faɗi, sannan ka gwada 521 da 607 na Robinson, a laptop ɗinka ko daƙiƙa ɗaya baza su ɗauka ba.